Mwalimu Lihanda da Ƙundun Kaza

Ni matar wansa ce, saboda haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kan Zablon Lihanda, ba kuma wanda zai ci ni tara. Yana ɗan shekara goma sha uku aka kawo ni gidansu a Shirumba. Na same shi da ƙafafu kamar karan rake, kunnuwa a baje, yana tsoron zakaran uwarsa. Yau duk ƙauyen Mwalimu suke ce masa, wato malam, har masu furfura. Ni dai mulamwa nake ce masa, shi ma mulamwa yake ce min, haka matar wa da ƙanin miji ke kiran juna a wurinmu, tsakaninsu kuwa ba a auna magana.

Shekara talatin da uku ya yi yana koyarwa a firamaren gwamnati. Da ya yi ritaya muka ce to madalla, zai sayi saniya mai nono, ya zauna a shagon shayi tare da sauran tsofaffin malamai, su yi ta gyara ƙasa da baki har yamma. Ina. Sati biyu da sallamarsa sai na gan shi da tsintsiya a rumfar injin niƙan marigayi mijina, wadda ta shekara shida ba mai shiga sai jemagu. Na ce, "Mulamwa, lafiya?" Ya ce makaranta zai buɗe. Na ce, "Wadda ka baro fa, gobara ta yi?"

Sai ya jingine tsintsiyar ya gaya min. Makarantar gwamnati kyauta ce, a takarda. Amma ga kayan makaranta, ga takalmi, ga kuɗin jarrabawa, ga na abincin rana, ga na mai gadi. Duk Litinin ɗin farkon wata, a taron safe, shi ake miƙa wa takarda ya karanta sunayen yaran da za su koma gida sai sun kawo, saboda duk cikin malamai shi ne mai babbar murya. Wasu sukan dawo bayan kwana uku, wasu bayan wata guda. Wasu kuwa sai dai ya ci karo da su a gonar rake, sun fi shi tsawo, su cire hula su gaishe shi. "Bakina ya gaji da sunayen nan, mulamwa," ya ce. Ban sake tsokanarsa ba ranar, sai washegari.

Makarantar tasa ba irin wadda aka saba ba ce. Ba a shiga aji sai ƙarfe goma, bayan yara sun kai ganyen shayi wurin awo, sun kai madara bakin titi, sun ɗaure awaki. Kowa ya zo da rigar da yake da ita, takalmi kuwa wanda Allah ya ba shi. Mai goyon ƙani ta zo da goyonta. Ɗan shekara bakwai da 'yar shekara goma sha biyar benci ɗaya suke zama, in dai a baƙi ɗaya karatunsu ya tsaya. Kuɗin makaranta kuwa gorogoro ɗaya na masara a wata, gwangwanin nan dai da ake awo da shi a kowace kasuwa. Ya rubuta wani dogon suna a allon ƙofa, ba wanda ya taɓa riƙe shi. Makarantar Gorogoro kowa ke cewa.

Rabin masarar ni nake dafawa da wake a ci da rana, don ni ya ɗora wa girki ba tare da ya tambaye ni ba. Ɗaya rabin a sayar, a sayi alli, a ɗan sallami wasu matasan malamai biyu da ke jiran gwamnati ta tuna da su. Inda ya gaza, fanshonsa ya cike. Inda fansho ya gaza, bencinan makaranta su cike, domin Mwalimu yana ba da hayarsu ga masu zaman makoki. Mu kuwa ba ma binne mutum da mutum goma. Duk Shirumba shi kaɗai ne za a gaya wa an yi rasuwa, ya cire hula ya ce Allah ya ji ƙai, sannan ya sassauta murya ya tambaya, "Mutum nawa ake sa ran za su zo?" In babban mutum ya rasu, yara sun yi kwana uku suna karatu a zaune a ƙasa, amma allin zango guda ya samu.

Akwai kuma maganar gwangwanin awon. Shekarar da tsutsa ta cinye masara, na fito da safe na tarar da gorogoron makaranta ya lotse a gefe ɗaya. Ya ce saniya ce ta taka. Bayan shekara uku aka yi fari, ya sake lotsewa ta ɗaya gefen. Na ce, "Mulamwa, saniyar nan taka tana sauraron labarai a rediyo ne? Ba ta taka gwangwani sai masara ta yi tsada." Ya ce shi bai san halin shanu ba. Ni da nake dafawa na san abin da gwangwanin ke ci yanzu bai fi kashi biyu cikin uku na na kasuwa ba, amma da na sayo sabo sai ya ɓace cikin kwana biyu.

Haka muka yi ta lallaɓawa shekara goma sha huɗu, har damina ta bara. Wata ranar Lahadi da yamma, muna dawowa daga coci, iska ta ɗauke rufin makarantar gaba ɗaya ta kai shi gonar raken maƙwabta. Dama kwanon tun na zamanin mijina ne, tsatsa ce kawai ke riƙe da shi. Muka koma ƙarƙashin itacen mangwaro. Ba a yi sati biyu ba sai ga mai duba makarantu a kan babur, wanda shekara da shekaru ba mu gan shi ba, sai da rufi ya tashi ya tuna da hanyarmu. Ya zagaya, ya leƙa bayan gida, ya toshe hanci. Ya ce kafin a koma zango na uku, a watan Satumba, yana so ya ga sabon rufi da bayan gida biyu na siminti, ɗaya na maza ɗaya na mata. In ba haka ba zai sa kwaɗo. Na ce masa a wace ƙofa, tunda ita ma iska ta tafi da ita, Mwalimu ya harare ni. Kafinta ya yi lissafi ya ce sule dubu ɗari da tamanin.

Aka kira taron iyaye a gindin mangwaron. Shugaban iyaye, wani mai gyaran keke, mutum ne mai hankali, ya miƙe ya ce, "Mwalimu, in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. A mai da shi gorogoro biyu da sule ɗari biyu, na shekara ɗaya kacal. Kafinta ya yarda zai jira." Mutane da dama suka gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa nawa.

Mwalimu ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa masa. "Na san za ku faɗi haka, shi ya sa na rubuto. Yara goma sha tara ne cikin sittin da ɗaya. Waɗannan in aka ƙara ko da ƙwayar masara goma ce, ba za mu sake ganinsu ba. Ga shi, karanta mana."

Mai gyaran keke ya duba takardar, ya ɗaga kai ya dubi iyayen da ke zaune, ya ce ya manto tabaransa a shago. Aka miƙa wa na kusa da shi, ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Takardar ta zagaya ta dawo hannun mai ita ba wanda ya karanta ko suna ɗaya. Nan aka yanke shawarar a yi harambee, wato a tara jama'a kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, gorogoro kuwa ya tsaya a ɗaya.

To, harambee ba babban baƙo ai shan rana ne kawai. Shi ne zai fara ajiye abin da zai sa sauran su ji kunya su buɗe aljihu. A nan ne mulamwana ya nuna cewa ilimi daban, wayo daban. Wasiƙa biyu ya rubuta. Ɗaya ya aika wa Mzee Shikokoti, wani dattijo ɗan ƙauyenmu da ke da motocin haya shida da bene a garin Kakamega. Ɗaya kuma ya aika wa Khavere, ɗaya daga cikin ɗalibansa na farko, wadda ta zo mana tana shekara goma sha biyar ba ta san ko baƙi ɗaya ba, yanzu kuwa tana sayar da busasshen kifi a babbar kasuwa, ita ce kuma uwar adashin mata arba'in. A lissafinsa, Mzee ba zai ko buɗe wasiƙar ba, Khavere kuma kunya za ta sa ta ce a nemi wani, shi ke nan ko ɗaya ya faɗo an gode. Cikin sati guda su biyun suka amsa, kowa ya ce ya karɓi girman.

"Taura biyu ka jefa a baki, mulamwa," na ce masa. "Sai ka tauna mu gani. Ƙundun fa, wa za ka ba?"

Ya yi tsuru-tsuru, don sai a lokacin ya tuna. Kafin a fita fili a tara kuɗi, sai babban baƙo ya ci tuwo da kaza a gidan mai taro, ƙundun kazar kuwa nasa ne. Mai gida da hannunsa zai ɗauka ya sa masa a faranti kowa na kallo. Kaza in ta zo ba ƙundu, ko guda goma ka yanka, ba ka yanka wa baƙo komai ba. Na taɓa ganin an fasa zancen aure a kan wannan.

"A yanka biyu," ya ce.

"Ka ba Mzee Shikokoti ɗaya, ka ba mai kifi ɗaya, ka ce musu ɗaya suke? Ai gara ka mare shi a kasuwa. Kuma tun yaushe mace ta fara cin ƙundu a garin nan?"

Fuskarsa ta washe. Ashe mafita na ba shi ban sani ba. Tunda mace ba ta cin ƙundu, ai ba gardama: ƙundu na Mzee, Khavere kuma a ba ta kujera mai hannu a sahun gaba, a kira sunanta sau biyu a lasifika. Ya tafi yana fito, yana jin kansa mai dabara.

Ranar Asabar ɗin, tun hantsi fili ya cika. Khavere ta iso da matanta arba'in cikin zane iri ɗaya, ta durƙusa ta gaida Mwalimu kamar har yanzu a aji take. Mzee kuwa sai ƙarfe biyu saura, da hon tun daga kan gada, don kada wani ya ce bai ji isowarsa ba. Aka shiga da manyan baƙi falon Mwalimu: Mzee, Fasto, mai gyaran keke, dattawa uku, sai Khavere a can ƙarshen tebur ta takure. Ni da Selifa, matar Mwalimu, muka zagaya da ruwan wanke hannu, muka ajiye tuwo, muka ajiye kwanon kazar a rufe a gaban mai gida. Maimakon mu fita sai muka tsaya a bakin ƙofa, wai ko za a nemi gishiri.

Mzee ya goge hannu, ya dafa aljihun kwat ɗinsa inda ambulan ya yi tudu, ya ce, "Mwalimu, kada mu wahalar da talakawa da rana. Dubu ɗari da hamsin na zo da su. Rufi ya gama."

Fasto ya ce amin tun ba a yi addu'a ba.

"Sai dai 'yan gyare-gyare," in ji Mzee. "Allon ƙofa, sunana zai hau."

"Ya hau," in ji Mwalimu. "Dama nawa sunan ba wanda ya riƙe."

"Madalla. Sai kayan makaranta, shuɗi da fari, kalar motocina. Da takalmi baƙi. A shiga aji ƙarfe takwas kamar kowace makarantar kirki. Masarar nan kuma a daina, a koma kuɗi, sule ɗari biyar a wata. Sunana ba zai hau kan wurin da ake zuwa da gwangwani kamar injin niƙa ba. Abokaina za su zo su gani."

Mwalimu ya yi murmushin nan nasa na gaban manya, wanda na tsana. "Mzee, yaran da ba za su iya ba fa? Akwai goma sha tara da ko gorogoro biyu..."

"Kowa ya rataya jakarsa inda hannunsa ya kai," in ji Mzee. "Ni da ka gan ni, wa ya yi min ragi? Buɗe kazar nan, Mwalimu, tuwo na hucewa."

Mwalimu ya buɗe kwanon. Ga ƙundun nan a sama, inda na ɗora shi da hannuna, ya sha albasa yana ƙyalli. Ya ɗauki cokali. Sama da shekara hamsin na san mutumin nan, ban taɓa jin ya ce wa mai kuɗi a'a ba, ko ɗan sanda ya gani a hanya sai ya cire hula. Mzee ya turo farantinsa gaba ba tare da ya ko duba ba, yana ba Fasto labarin tsadar taya.

Sai Mwalimu ya miƙe tsaye, ya bi bayan kujerar Mzee, ya wuce Fasto, ya wuce dattawa uku, ya je ƙarshen tebur ya sauke ƙundun a farantin Khavere. Ya dawo ya zauna, ya ajiye cokalin a hankali.

Selifa ta damƙe min hannu har sai da farcenta ya shige. Ɗaya daga cikin dattawan ya tsaya da loma a hannu, baki a buɗe. Mzee ya dubi farantinsa, ya dubi na Khavere, ya dubi Mwalimu. Ya nemi ruwa, ya wanke hannun da bai ci komai da shi ba, yatsa bayan yatsa, ya gyara kwat, ya fita. Muna ji motar ta tashi, wannan karon ba hon.

Khavere ta rasa inda za ta sa kanta. "Mwalimu, ka rufa min asiri," ta ce. "Ka ɗauke abin nan. Gobe a kasuwa da wane ido zan dubi mutane?"

"Da idon da kike duba sikeli," ya ce. "Na aika miki wasiƙa na ce ke ce babbar baƙuwa, kin karanta da kanki, ba wanda ya karanta miki. Ci, 'yata. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ni kuwa askata ta dakushe."

Ta dubi Fasto. Fasto ya ce shi dai bai ga inda Littafi ya hana ba, ya dai sunkuyar da kai kan tuwonsa. Ta ɗauka da yatsu biyu, ta rufe ido, ta gatsa. Ta tauna, ta tauna, ta ƙara taunawa, duk ɗakin na kallon bakinta. Da ta haɗiye sai ta ce, "Wai dama wannan ne? Abin nan mai tauri kamar takalmin roba kuka hana iyayenmu tun kaka da kakanni?"

Mai gyaran keke ne ya fara tuntsirewa da dariya, sauran suka bi. Ni ban yi mamakin maganarta ba, don tsakani da Allah na san ɗanɗanon ƙundu tun ina amarya. Kyanwar surukata ce ta sha dukan ranar, Allah ya yafe min.

Kafin mu fito fili labari ya riga mu. Matan adashi suka tashi da guɗa da rawa, suka rako Khavere har gaban tebur, ta ajiye dubu arba'in da suka haɗa. Daga nan jama'a suka yi layi. Masu yankan rake, masu babur, tsofaffi da sule ashirin ƙulle a bakin zane. Wani ya kawo ɗan akuya aka yi gwanjonsa sau uku, duk wanda ya saya sai ya mayar a sake sayarwa. Har dattijon nan da ya saki baki ya ba da ɗari biyar, yana cewa shi dai bai yarda da abin da ya gani ba. An yi rawa, an yi waƙa, kowa ya ji daɗi. Da aka ƙirga, dubu casa'in da bakwai ne.

Kuɗin ya isa bayan gida biyu da katako da rabin kwanon rufi, bai wuce nan ba. Saura sati uku a koma makaranta.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da shi, fushi na gaske. Na same shi washegari bayan coci na ce, "Ka kyauta, jarumi. Ka sayar da rufi a kan ƙundun kaza. Da ka ba shi abinsa ya ci, ka karɓi ambulan, ka ce masa to, in ya so daga baya ka yi ta manta alkawari kamar yadda kowa ke yi. Yanzu goma sha tara kake tsoron rasawa, ga shi za ka rasa sittin da ɗaya." Ya ce in ya yi haka da wane baki zai hana yara ƙarya. Na ce da babbar muryar nan tasa. Ya yi ta juya hularsa a hannu, sai kuma na ji tausayinsa ya kama ni, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ya je wurin mai sayar da kwano ya nemi bashi, aka ce masa fanshon tsoho ba jingina ba ce. Ya rubuta wa mai duba makarantu ya roƙi ƙarin wata biyu, ba amsa. Sati biyu suka wuce, rabin makaranta a rufe, rabi na kallon sama.

Ranar wata Litinin da sassafe ina shara sai na ji ƙarar guduma daga gidansa. Na ɗaga kai na hango kafintoci biyu a kan rufin, suna zare ƙusa. Gidan nan da kuɗin sallamarsa ya gina shi, falle talatin da biyu na kwano mai kauri, an shafa masa koren fenti. Selifa ta yi kusan shekara talatin a ɗakin ciyawa tana jiran wannan rufin, ranar da aka gama shi kuwa sai da ta gayyaci matan coci su zo su ji ƙarar ruwan sama a kansa. Na jefar da tsintsiya na ruga. Ban riga kowa ba, don wasu tsofaffi biyu sun riga sun iso da hannu a ka, sun ɗauka mai gidan ne ya cika, in ba haka ba wa ke taɓa rufin namiji yana raye. Suka same shi a tsakar gida da kofin shayi yana nuna wa kafinta inda zai taka.

Selifa na tsaye a gefe, kujerun falo da katifa da hoton aurensu duk a waje kewaye da ita.

"Da yardarki aka yi wannan?" na tambaye ta.

"Sau uku ya tambaye ni, sau uku na ce a'a," ta ce. "Na huɗun ina tuƙa tuwo ban ce komai ba, shi ne ya ce ya gode."

"Aro ne, Mama," in ji Mwalimu. "In rake ya yi kuɗi..."

"Rufe min baki, Zablon. Raken wa? Kana da rake ne?" Ta juya wurin kafintocin. "Kai, na sama, a hankali da fallen nan, kada ka lanƙwasa min shi. Ni na san yadda aka same shi."

Suka kwashe kayansu suka koma ɗakin girki na ciyawa, shi da ita da kaji. Aka kai kwanon makaranta aka buga, sai rufin ya fito rabi fari sabo, rabi kore. Mai duba makarantu ya zo ana saura kwana biyu, ya leƙa bayan gida, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tambaya me ya sa kala biyu. Na ce masa ado ne. Ya sa hannu ya hau babur ɗinsa.

Ranar da aka koma, na tsaya a bakin murhu ina ƙirga su suna shigowa, da ƙafafunsu na taɓo da goyonsu. Sittin da ɗaya, ba wanda ya ragu.

A sati na biyu aka yi ruwa mai ƙarfi ana tsakiyar darasi. Sai ga Selifa ta shigo da ganyen ayaba a ka, da 'yar kujerarta a hannu. Ta wuce can bayan aji, ta ɓangaren kore, ta dasa kujerar ta zauna. Mwalimu ya tsaya da alli a hannu ya ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Ɗakin da ka sa ni yana yoyo. Na zo in zauna a ƙarƙashin kwanona. Ci gaba da abin da kake yi." Yara suka ƙyalƙyale, ya ci gaba.

Tun daga ranar, da hadari ya haɗu sai ga ta. Daga baya ko ba hadari ma sai ga ta, wai sararin sama ba abin yarda ba ne. Wata rana na kawo abinci na tarar yarinyar da ke kusa da ita ta tura mata allonta, Selifa ta riƙe alli kamar mai riƙe muciya, tana jan wani abu da harshe a waje. Sai a lokacin na tuna. Shekara arba'in da ɗaya tana auren malami, ya koya wa rabin ƙauyen nan karatu, matar da ke wanke masa riga kuwa da babban yatsa take sa hannu a banki. Na ce masa, "Mulamwa, ka ji kunya." Ya ce ya ji, kuma na ga alamar da gaske yake.

Ƙarshen wata ya zo, ranar awo. Yara suka yi layi a cikin aji saboda yayyafi, kowa da ƙullin masararsa, Mwalimu na kiran suna ina zubawa a buhu. Da aka zo tsakiyar layi sai ya gyara tabarau, ya daure fuska, ya ce, "Selifa Lihanda. Kusan wata guda kina zama a ajin nan. Ina naki?"

Ba ta ko tashi daga kujerarta ba. Ta ɗaga haɓa ta nuna masa sama da baki.

Ya ɗaga kai. Ruwan ya ɗan ƙaru, yana sauka a kan koren kwanon, duk ajin ya yi tsit ana jin sa. Ya daɗe yana kallo, har yaran gaba suka fara juyowa suna duban juna. Ni kuwa kuka nake yi, buhu a hannu, ban kuma ce hayaƙi ba ne. Ya cire tabaran ya goge da bakin rigarsa, ya mayar.

"An biya," ya ce, muryar ba ta fita sosai ba. Sannan ya kira yaron da ke biye.